TAURARUWAR GISHIRI: CIYAWAR DA KE CIYAR DA ƘUDAN ZUMA A BAKIN TEKU



Duk mai garka ya san wannan abu. Ka share wuri, ka ja fangali, ka shuka, kana ban ruwa safe da marece. Bayan ƴan shekaru sai ka ga wani fari-fari ya fito bisa ƙasa kamar an barbaɗa gari. Shuka ta daina girma, bakin ganye ya ƙone. Gishiri ne ko kanwa suka hau ƙasar. Mutanen Dallol Boso, da na Foga, da na ƙasar Manga sun san wuraren da ko ciyawa ba ta so.

Wannan matsala ta game duniya. A shekarar 2024 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙasar da gishiri ya taɓa ta kusa hekta miliyan 1,400. Wato ta ɗara kashi 10 cikin 100 na ƙasar duniya duka.

Amma akwai tsirrai da Allah ya hore wa zama cikin gishiri. Yau za mu ba ku labarin guda daga cikinsu. Ciyawa ce ta ƙasashen sanyi. Tana fitowa inda ruwan teku ke shanye ta, kuma tana yin furen da ƙudan zuma ke dogara da shi. Ku biyo mu a hankali.

SUNANTA DA DANGINTA

Turawa suna kiran ta astar ta bakin teku. Kalmar astar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta tauraro, sabo da furenta ya yi kama da tauraro. Tunda ba ta da suna a Hausa, cikin wannan labari za mu kira ta tauraruwar gishiri.

Wani masanin tsirrai mutumin ƙasar Suwed, mai suna Karl Line, shi ya rubuta ta cikin littafinsa a shekarar 1753. Ya sa mata suna Aster tripolium. Yau masana sun fi kiran ta Tripolium pannonicum.

Danginta suna da yawa ƙwarai, sun wuce iri 20,000. Waɗansu muna tare da su kullum. Salatin da muke shukawa a garka danginta ne. Shuwaka da tazargade danginta ne. Har ƙashin yawo, wanda ke maƙale wa dabbobi a jiki, cikin zuri'ar yake.

YAYA KAMANNINTA?

Ba itace ba ce, ciyawa ce. Sau da yawa tsawonta ba ya wuce gwiwar mutum ko cinya. Inda wuri ya karɓe ta takan kai meta 1. Ganyenta dogo ne, siriri, marar gashi. Yana da kauri da ruwa. In ka tauna shi za ka ji gishiri a bakinka.

Ba ta daɗewa a duniya. Yawanci shekarar farko ganye kawai take yi, a ƙasa-ƙasa. Shekara ta biyu ta fid da kara, ta yi rassa, ta yi fure. Waɗansu su mutu daga nan, waɗansu su ƙara ƴan shekaru.

Faɗin furen bai wuce santimeta 2 ba. Tsakiyarsa ruwan ɗorawa ce. Gefensa kuwa shunayya ne mai haske, kusan launin ɓawon albasar Galmi, amma ya fi shi shuɗi. Akwai wani iri nata da ba ya da wannan gefe, sai tsakiyar kaɗai.

Ga wani abin lura. Abin da ido ke gani kamar fure guda, taron ƙananan furanni ne da yawa a kan gindi ɗaya. Kowane ƙaramin fure yana ba da ƙwayar iri guda. In irin ya nuna sai ya fito da farin gashi a kai, kamar yadda salati ke yi in an bar shi ya tsufa. Iska ta ɗauke shi, ko ruwa ya tafi da shi wani wuri.

INA TAKE FITOWA?

Ana samun ta a bakin tekun ƙasashen Turai kamar Faransa, Ingila, Beljik, Holan, Jamus da Danmak. Ana samun ta a arewacin Afirka, da Asiya har zuwa Sin da Japan.

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, don haka bari mu yi bayani. Ruwan teku ba ya tsayawa wuri guda. A waɗannan ƙasashe, sau biyu cikin yini da dare yakan cika ya hau tudu, sa'an nan ya janye. Wata ne ke jan sa, rana tana taimakawa. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da wata ya cika, wajen daren 14, cikar ta fi ƙarfi.

Inda bakin teku ya kwanta, babu duwatsu, babu igiyar ruwa mai ƙarfi, ruwa yakan kawo laka ya ajiye. Shekara da shekaru lakar tana taruwa, har ta zama fili. Ana iya kiran wannan fili fadamar gishiri. Ta yi kama da fadamar gulbi, sai dai ruwan da ke shanye ta na gishiri ne, kuma ba ya jiran damina.

Cikin fadamar kowace ciyawa da mazauninta. Can ƙasa, inda ruwa ke rufewa kullum, wata gajeruwar ciyawa ce mai gaɓa-gaɓa ke fara kamawa. Can sama, inda ruwa ba ya kaiwa sai jefi-jefi, dogayen ciyayi ne. Tauraruwar gishiri ta fi son tsakani, da bakin ƙananan ƙoramun da ruwa ke bi in zai shiga ko zai fita. Saiwoyin waɗannan ciyayi su ke riƙe laka. Karansu yana rage ƙarfin ruwa kafin ya kai garuruwa.

Babbar fadamar irin wannan tana bakin Tekun Wadan, wanda ya haɗa Holan da Jamus da Danmak. A shekarar 2009 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. A Faransa kuwa akwai bakin kogin Som, da kewayen dutsen Mon-San-Mishel.

NESA DA TEKU MA TANA NAN

Ba teku take bi ba, gishiri take bi. A yankin Loren na Faransa akwai wuraren da ruwan gishiri ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, nesa da teku ƙwarai. Tana nan. A Jamus tana fitowa kusa da ramukan da ake haƙar gishiri. A ƙasar Hangari, wadda ba ta da teku sam kamar ƙasarmu Nijar, akwai manyan filayen kiwo masu kanwa. Da rani ƙasar takan yi fari ta tsattsage. Da kaka sai filin ya rufe da furenta.

Mutanen Holan sun san ta sosai. Su mutane ne masu tare teku da bango, su janye ruwa, su mai da wurin gona. A shekarar 1930 sun busar da wani babban fili mai suna Wiringarmer. Sabuwar ƙasar cike take da gishiri, alkama ba ta iya fitowa. Tauraruwar gishiri tana cikin ciyayin farko da suka kama wurin. Da ruwan sama ya wanke gishirin, manoma suka shiga, ita kuwa ta ja da baya.

Wannan ya nuna mana wani abu. Ba dole sai da gishiri take rayuwa ba. In an shuka ta cikin ƙasa mai daɗi tana fitowa lafiya. Amma a daji waɗansu ciyayi sun fi ta sauri, sai su rufe ta. Cikin gishiri kuwa babu masu takara da yawa. Shi ya sa ta zauna can.

DOMIN MI GISHIRI KE KASHE SHUKA?

Ku gwada wannan a gida. Ku yanka albasa ko tumatir, ku barbaɗa gishiri, ku ajiye. Jim kaɗan za ku ga ruwa ya fito. Gishiri jan ruwa yake yi.

Haka abin yake a gona. Saiwa tana shan ruwa ne in ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri. In ƙasa ta cika gishiri sai abin ya juya. Ƙasa ta riƙe ruwanta, har ta jawo na cikin saiwa. Shuka tana tsaye cikin laima, amma ƙishirwa tana kashe ta. Gishirin da ya samu shiga jikinta kuma, in ya yi yawa, guba ne. Shi ke ƙona bakin ganye.

Cikin lita guda ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Wato kamar manyan cokula biyu. Wake, albasa, masara ko shinkafa, babu mai jure wannan.

DABARUN TAURARUWAR GISHIRI

To, ita yaya take yi? Masana sun bincika, sun gano dabaru da dama.

Ta ɗaya: tana da rumbun gishiri. Cikin naman ganyenta akwai ƴan ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani. Gishirin da ya shigo, can take tura shi, nesa da wurin da ake aikin gina jiki.

Ta biyu: tana tara ruwa cikin ganye. Kun san in gishiri ya yi wa miya yawa, ruwa ake ƙarawa. Shi ya sa ganyenta ke da kauri.

Ta uku: tana haɗa waɗansu sinadarai nata na kanta, masu sa ruwan jikinta ya yi kauri ba tare da cuta ba. Da haka saiwarta ke iya jawo ruwa ko daga laka mai gishiri.

Ta huɗu: ganye yana da ƴan ƙofofi inda ruwa ke fita ya bi iska. In gishiri ya yi yawa sai ta rage buɗa su. Ruwa kaɗan ya hau, gishiri kaɗan ya biyo shi.

Ta biyar: tsohon ganye in ya cika da gishiri sai ya yi ja ko rawaya, ya bushe, ya faɗi. Ya tafi da kayansa ke nan.

Ta shida: laka mai ruwa ba ta da iska, kuma saiwa ma tana numfashi. Cikin saiwarta akwai ƴan hanyoyin iska, kamar yadda shinkafa ke da su.

Irinta ma yana da haƙuri. Ya fi tsira bayan ruwan sama ya sauka ya rage gishirin saman laka. Duk da haka jurewa tana da iyaka. Inda gishiri ya kai matuƙa, takan zama gajeruwa, furenta kaɗan.

MI NE NE BARBARAR FURE?

Kafin mu zo ga ƙudan zuma, sai mu fahimci aikinsu.

Kowane manomi ya san lokacin da gero ke bununi. Wannan garin mai laushi shi ne irin namiji na shuka. Sai ya faɗa bisa wurin mace na fure kafin a samu tsaba. Shi ake kira barbarar fure. Masu dabino a Ingal da Bilma da hannu suke yin ta. Suna yanko furen namiji, su sa cikin na mace.

Gero da masara, iska ce ke ɗaukar musu bununi. Amma kabewa, kankana, guna da duma, sai ƙwaro ya ɗauka daga wannan fure zuwa wancan. Mangwaro da irin albasa ma suna bukatar ƙwari. Fure yana biyan ladan aikin. Yana fid da wani ruwa mai zaƙi, wanda da shi ake yin zuma. Ƙwaro ya zo sha, bununi ya manne masa a gashi, ya kai gaba.

A shekarar 2016 masana na ƙasashe da yawa sun haɗu sun fid da rahoto. Sun ce cikin manyan irin amfanin gona na duniya, wajen 3 cikin 4 suna ƙaruwa da aikin waɗannan ƙwari da tsuntsaye. Tsirran daji masu fure kuwa, kusan 9 cikin 10.

FURE LOKACIN DA FURE YA YI WUYA

A Turai yawancin tsirrai suna fure daga watan Afrilu zuwa Yuli. Daga nan fure ya fara ƙaranci, ga sanyi yana tafe. Lokacin sanyi ƙwari ba su samun komi a waje. Ƙudan zuma dole su cika amya kafin nan, kamar yadda manomi ke cika rumbu kafin rani.

Tauraruwar gishiri tana fure daga Yuli har Oktoba. Ta fi yi cikin Agusta da Satumba. Kuma ba ɗaya-ɗaya take fitowa ba, fili guda takan rufe. In ruwan teku ya janye, rana ta fito, sai ka ji fadama tana gunji. Ga ƙudan zuma na amya. Ga waɗansu manya masu gashi. Ga ƙudaje masu kama da zuma amma ba su da harbi. Ga malam-buɗe-littafi iri-iri. Masu kiwon zuma a Holan sukan ɗauki amyoyinsu su kai kusa da fadama a wannan lokaci.

Darajarta ke nan. Abincin da ya zo lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa ya fi na kaka tsada.

ƘUDAN ZUMAN DA BA SHI DA AMYA

Mun saba da ƙudan zuma masu zama taro guda, da uwarsu, da saƙarsu. Amma a duniya irin ƙudan zuma sun kai 20,000. Mafi yawansu ba su da amya, ba su tara zuma. Kowace uwa ita kaɗai ke gina ɗakinta, kamar yadda zanzaro ke yi a jikin bango.

Guda daga cikinsu rayuwarta duka a ɗaure take da tauraruwar gishiri. Wani masani mutumin Holan ne ya bambanta ta da ƴan'uwanta cikin shekarun 1940. Ya sa mata suna Colletes halophilus. Kalmar ta biyu ma'anarta mai son gishiri. Tsawonta ya ɗara santimeta 1 kaɗan. Bayanta ruwan ƙasa ne mai ja-ja, cikinta baƙi da ratsi-ratsi masu haske. A duniya duka ba a samun ta sai a bakin tekun yammacin Turai, kamar kudu da gabashin Ingila, Faransa, Beljik, Holan da Jamus.

Ga yadda take rayuwa. Ba ta fitowa sai cikin Agusta, daidai lokacin da furen ya buɗe. Maza ke fara fitowa, suna shawagi ƙasa-ƙasa suna jiran mata. Bayan barbara sai macen ta nemi wuri mai rairayi, inda rana ke bugawa, sama kaɗan da inda ruwan teku ke tsayawa. Ta haƙa rami. Cikin ramin ta yi ƴan ɗakuna.

Kowane ɗaki sai ta shafe shi da wani ruwa da ke fita daga jikinta. Da harshenta take shafawa. In ya bushe yakan zama kamar leda, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Wannan yana kare ɗiyanta daga laima, a wurin da babbar cikar teku kan kai wani lokaci.

Daga nan ta shiga jigila. Ta je fadama, ta kwaso bununi a gashin ƙafafunta, ta sha ruwan zaƙi. Ta dawo ta dama su kamar kunu cikin ɗakin. Ta yi ƙwai guda, ta rufe, ta fara wani ɗaki. Yawancin bununin da take kawowa na tauraruwar gishiri ne, sauran na danginta ne.

Kafin ƙarshen Oktoba yawancin uwayen sun mutu. Ba su ganin ɗiyansu. Tsutsar tana cikin ƙasa tana cin guzurin da aka bar mata. Ta wuce sanyi a nan, ta rikiɗa, ta fito Agusta mai zuwa. Inda wuri ya yi kyau, dubban ramuka sukan taru kusa da juna kamar gari, amma kowa da gidansa.

Tana da maƙiyi. Akwai wata ƙudar zuma da ba ta haƙa rami, ba ta tara abinci. Sai ta faki idon mai gida, ta shiga ta ajiye ƙwanta. Tsutsarta ta kashe ta mai gida, ta cinye guzurin.

Ku lura da kyau. Wannan ƙwaro abu biyu yake bukata, kuma kusa da juna: furen da zai ci, da rairayin da zai haƙa. In aka rasa guda, ya tafi ke nan. Shi ya sa a Ingila aka sa shi cikin jerin halittun da ake kula da su musamman.

BAƘON DA KE ZUWA HAR ƘASARMU

Cikin masu shan wannan fure akwai wanda muka sani. Wani malam-buɗe-littafi ne mai fiffike ruwan goro, da baƙi, da ɗigon fari a bakin fiffiken. Faɗinsa wajen santimeta 5 zuwa 6. Masana suna kiran sa Vanessa cardui.

Ba ya jure sanyin Turai. In kaka ta zo can, sai ya sha ruwan fure ya ƙoshi, ya tashi sama ƙwarai, ya bi iska ya yi kudu. Waɗansu suna ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara. Guda yana iya yin tafiyar kilomita 4,000. Suna sauka ƙasashen Sahel wajen Satumba da Oktoba, lokacin da damina ta ƙare, daji yana da ɗanye. A nan suke yin ƙwai. A shekarar 2014 masu bincike sun tarar da su da yawa ƙwarai a Cadi da Benin. Bayan ƴan watanni jikokinsu su sake ƙetare hamada su yi arewa.

Wani bincike na shekarar 2021 ya nuna cewa in ciyawa ta yi kyau a kudancin Sahara, sukan isa Turai da yawa ƙwarai. Don haka wanda ka gani bisa fure a bakin gonarka cikin Oktoba, mai yiwuwa ne a bakin tekun Turai ya yi guzuri.

MUTANE DA DABBOBI MA SUNA CI

Ɗanyen ganyenta ana cin sa. Ana tsinkar sa yana ƙarami, kafin kara ya fito. A dafa shi kaɗan da mai, ba a sa gishiri. A bakin kogin Som suna kiran sa kunnen alade, sabo da siffar ganyen kawai. A kudancin Holan kuwa kunnen ɗan rago suke cewa. Masu tsinka don sayarwa a Som sai da takardar izini, kuma akwai lokacin da aka tsaida. A Holan waɗansu manoma har shuka ta suke yi da ruwa mai gishiri.

Tumaki suna son ta ƙwarai. Makiyayan Som da na Mon-San-Mishel suna kiwo cikin fadamar gishiri, kuma naman ragunansu ya fi tsada a kasuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Makiyayanmu ma suna kai dabbobi wajen Ingal ƙarshen damina don gishiri. Dinyoyin daji da zomaye suna cin ganyen. Ƙananan tsuntsaye suna cin irin lokacin sanyi.

HAƊARIN DA KE GABANTA

Na farko, yawan kiwo. Inda tumaki suka yi yawa, kullum wuri guda, suna cinye ta kafin ta yi kara. Fili ya zama kamar an aske shi, babu fure, babu ƙwari. An ga haka a arewacin Jamus. A shekarar 1985 aka mai da bakin tekun jihar Shileswig-Holstain gandun gwamnati. Bayan haka aka rage tumaki a waɗansu wurare, aka hana a waɗansu. Cikin ƴan shekaru furen ya dawo.

Na biyu, cin fili. Shekaru aru-aru mutane suna tare fadamu da bango don noma, da tashar jiragen ruwa, da masana'antu.

Na uku, teku yana hawa. Daga 1901 zuwa 2018 ya ƙaru da wajen santimeta 20, sabo da ɗumamar duniya. Da babu bango, fadama sai ta matsa tudu a hankali. Amma bango ya tare ta. Ruwa a gaba, bango a baya.

Yanzu waɗansu ƙasashe sun fara gyara. A tsibirin Walasi na Ingila, a shekarar 2015, da gangan aka fasa tsohon bango. Aka bar teku ya shiga tsoffin gonaki don fadama ta sake kafuwa.

MI ZA MU ƊAUKA CIKIN WANNAN LABARI?

Ƴan'uwa, ba cewa muke a kawo irin wannan ciyawa a shuka ba. Ta ƙasar sanyi ce. Mu ma muna da namu.

Muna da masu jure gishiri da kanwa, kamar dabino da goriba. Ƙasar da ta yi fari ba ta zama banza ba. A duba abin da ke fitowa cikinta da kansa, kada a tumɓuke shi.

Muna da masu fure lokacin wuya. Magarya tana fure ƙarshen damina. Gawo yana fid da ganye da fure lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa. Aduwa tana fure da rani. Su ne rumbun ƙudan zumanmu. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980 sun raya miliyoyin itatuwa cikin gonakinsu. Sun taimaki ƙasa, sun taimaki ƙwari.

Ga shawarwari:

1. In kuna sassabe, ku bar gawo, magarya da aduwa su tashi.
2. Ku bar ɗan wuri a bakin gona ko garka inda ciyawa za ta yi fure.
3. Kada ku fesa maganin ƙwari bisa shuka mai fure da safe ko da rana. In ya zama dole, ku bari sai marece, kuma ku nemi shawarar malamin gona.
4. Masu ɗibar zuma, hayaƙi ya isa. Kada ku ƙone ƙudan da wuta, kuma ku bar musu rabonsu.
5. Ku kiyaye wutar daji.
6. Makiyaya, ku riƙa sauya wurin kiwo, don ciyawa ta samu ta yi fure ta zub da iri.
7. Masu noman rani, ku gyara magudanar ruwa. Ruwan da ya kwanta ya bushe wuri guda, gishiri yake bari.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

1. Domin mi shuka ke bushewa cikin ƙasa mai gishiri ko da akwai ruwa?
2. Ku faɗi dabaru uku na tauraruwar gishiri.
3. Waɗanne abubuwa biyu ƙudan zuma mai son gishiri ke bukata?
4. A garinku, waɗanne itatuwa ke fure da rani? Ku rubuta sunayensu.
5. Akwai ƙasa mai kanwa ko gishiri kusa da ku? Mi ke fitowa cikinta?

Ku tattauna da malaminku. Wanda ya iya rubutu ya rubuto mana amsar garinsu, za mu buga ta cikin jarida. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.